Hawayen Gaske a Wasan Kwaikwayo: Tarke a Kan Dabarun Ken Loach Cikin Fim Ɗin Kes

1.0 Gabatarwa

Sunan da Hausa ta raɗa wa wannan fanni na adabi, wato wasan kwaikwayo, ya ƙunshi kalmomi biyu da kowace ke nuni da cewa abin da ake gani ba gaske ba ne. Wasa ne, sannan kwaikwayo ne. A ƙarƙashin sunan akwai wata yarjejeniya da ba a rubuta ba tsakanin darakta da ɗan wasa da mai kallo: wanda aka mara bai ji zafi ba, wanda ya mutu zai tashi ya karkaɗe rigarsa, wadda ta yi kuka za ta share ido ta karɓi ladan aikinta. Sai dai tun farkon tarihin silima akwai daraktocin da wannan yarjejeniya ba ta ishe su ba. A ganinsu kyamara tana matsowa kusa da fuska fiye da idon mai kallon dandamali, don haka tana tona asirin kukan ƙarya. Mafitar da suka samo ita ce su yi wa ɗan wasa dabara, ko yaudara, ko ma su cutar da shi, har tsoron gaske ko hawayen gaske su fito a ɗauka.

Wannan takarda za ta duba al'amarin ta hanyar fim guda, Kes, wanda Ken Loach na ƙasar Ingila ya ba da umarninsa, ya fito a 1969. An zaɓe shi ne saboda Loach ba ya cikin daraktocin da aka sani da mugunta. Mutum ne da ya shafe fiye da shekara hamsin yana fina-finai a kan leburori da marasa galihu, ya kuma ci babbar kyautar bikin fina-finai na Cannes sau biyu, a 2006 da 2016. Idan irin wannan mutum ya yaudari yara domin fim ɗinsa ya yi kyau, to tambayar ta wuce ta halin mutum ɗaya.

2.0 Labarin da inda aka ɗauke shi

An ciro fim ɗin daga ƙagaggen labarin Barry Hines mai suna A Kestrel for a Knave, wanda aka buga a 1968. Hines ɗan mai haƙar kwal ne, ya kuma taɓa koyarwa a makaranta. Tauraron labarin, Billy Casper, yaro ne ɗan shekara 15 a garin Barnsley da ke yankin Yorkshire, inda a wancan zamani ramin kwal ne makomar mafi yawan samarin da ba su ci jarrabawar shiga makarantar masu hazaƙa ba. Uwarsa ba ta kula da shi, wansa Jud yana dukansa, malamai sun yanke ƙauna daga gare shi. Wata rana ya ɗauko ɗan wani ƙaramin shaho daga sheƙa, ya saci littafin horar da shaho daga kanti bayan an hana shi aro a laburare, ya koya wa kansa yadda ake rainon tsuntsun har ya riƙa sakinsa yana dawowa hannunsa. Daga baya Jud ya ba shi kuɗi ya kai cacar sukuwar dawaki, Billy ya kashe kuɗin, dawakin kuma suka ci. Jud ya huce a kan shahon: ya kashe shi ya jefa a shara.

Abin da ya kamata ɗalibin harshe ya lura da shi tun a nan shi ne maganar ƴan wasan. Da karin harshen Barnsley suke magana, karin da har yanzu ke riƙe da tsohon wakilin suna na mutum na biyu tilo wanda daidaitaccen Ingilishi ya yar tun ƙarnoni da suka wuce. Karin ya yi nauyin da masu kallo a Amurka suka kasa fahimta, har aka sake naɗar muryar wasu wurare. Loach bai yarda ya ɗauko ƙwararru daga Landan su kwaikwayi wannan kari ba, kamar yadda kunnen Basakkwace ba zai ruɗu da Bakanon da ke kwaikwayon Sakkwatanci ba. Sai ya nemo mutanen wurin. David Bradley, wanda ya fito a Billy, ɗalibi ne ɗan shekara 14 daga yankin. Brian Glover, malamin motsa jiki a fim ɗin, malami ne kuma ɗan kokawa. Bob Bowes, wanda ya fito a shugaban makaranta Mista Gryce, shugaban wata makaranta ne na gaske.

Daga wannan zaɓi matsalar ta samo tushe. Wanda bai koyi wasa ba yana zuwa da harshensa da tafiyarsa da kallonsa, abubuwan da horo ba ya bayarwa. Amma ba ya zuwa da fasahar kawo kuka ko firgita a lokacin da aka ce ya kawo. Ke nan daraktan da ya zaɓi gaskiyar harshe ya bar wa kansa giɓi, kuma dole ya cike shi da wani abu.

3.0 Yadda Loach ke cike giɓin

Hanyar aikin Loach sananniya ce. Yana ɗaukar fim bi da bi yadda labari ya jeru, saɓanin yawancin daraktoci da ke ɗaukar duk fitowar da ta shafi wuri guda a lokaci guda domin rage kashe kuɗi. Ba ya ba ɗan wasa rubutaccen labarin gaba ɗaya, sai shafin da za a yi aiki da shi, wani lokaci ma ba ya bayarwa. A Kes, shi da mai ɗaukar hoto Chris Menges sun ja kyamara baya, suka dogara da hasken da ke shigowa ta taga, domin yaran su manta ana ɗaukarsu. Ɗan wasa a wurin Loach yana tafiya cikin labari kamar yadda mutum ke tafiya cikin rayuwa, bai san abin da gobe za ta zo da shi ba.

Babu abin zargi a wannan. A fim ɗinsa na 2009, Looking for Eric, Steve Evets ya fito a wani ma'aikacin gidan waya mai ƙaunar ɗan ƙwallon nan Eric Cantona. An ɓoye masa cewa Cantona da kansa zai fito, sai juyawa ya yi ana cikin ɗauka ya gan shi tsaye a ɗakin. Mamakin da ke fuskarsa na gaske ne, kuma bai yi asarar komai ba. Ɓoyewa ce da ɗan wasa ya san ana yi, ya kuma amince da ita tun ranar da ya karɓi aikin. A Kes an wuce nan, har sau biyu.

3.1 Fitowar bulala

Fitowar ta fara ne a taron safe na makaranta, inda ake karanta wani sashe na Linjila mai gargaɗi a kan raina yara ƙanana. Ana gamawa Gryce ya tara masu laifi a ƙofar ofishinsa: wanda aka ce ya yi tari, da Billy da barci ya kwashe, da wasu da aka kama da shan taba. Sai ga wani ƙaramin yaro da wani malami ya aiko da saƙo. Manyan suka tilasta masa ya riƙe musu tabarsu. A cikin ofis yaron ya yi ta ƙoƙarin faɗin abin da ya kawo shi, Gryce ya yi ta katse shi yana zuba dogon wa'azi a kan lalacewar yaran zamani. Aka caje aljihu, aka sami taba a wurin ɗan aike, aka haɗa da shi aka zane tafin hannun kowa da tsumagiya.

Abin da ya faru a bayan kyamara shi ne an ba yaran tabbacin cewa za a tsayar da ɗauka kafin tsumagiya ta sauka. Ba a tsayar ba. Dukan na gaske ne, hawayen da suka cika idon ɗan aiken ma na gaske ne. Bayan haka aka ƙara musu ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a kan ladansu. Loach bai musa ba. Hujjarsa ita ce yanayin fuskar mutum a daidai lokacin da duka ya sauka abu ne da ba ya kwaikwayuwa.

Ta fuskar fasaha, fitowar tana cikin mafi ƙarfi a fim ɗin, kuma ƙaryata hakan rashin adalci ne. Kyamara ba ta bi hannu ba, fuska ta tsaya a kai. Ƙaramin yaron bai yi kururuwa ba. Ƙoƙari yake ya haɗiye kukan saboda manya na kallonsa, kuma wannan haɗiyewa ita ke karya zuciyar mai kallo. Yaron da aka ce ya kwaikwayi kuka yakan saki fuska ya yi kukan. Yaron da kuka ya zo masa da gaske a gaban mutane yakan yi kokawa da shi. Loach ya san wannan bambanci, kuma abin da ya nema ya samu.

Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Jigon fitowar shi ne zaluncin babba mai iko wanda ba ya sauraron yaro, yana dukan marar laifi domin biyan wata bukata tasa. Sai ga shi domin a nuna wannan zalunci an sami wani babba mai iko ya yi wa yara alkawari ya saɓa, ya sa an doki marasa laifi domin biyan bukatar fim ɗinsa. A cikin labari ɗan aiken bai yi laifin komai ba, a wajen labari ma yaron da ya fito a ɗan aiken bai yi ba. An ci amanarsa sau biyu a duka ɗaya, kuma kujerar da Gryce ya zauna a ciki ita darakta ya zauna a waje. Laifi tudu ne, in ji Hausawa. Ana iya kawo uzurin zamani, domin a 1968 da aka ɗauki fim ɗin doka ba ta hana bulala a makarantun gwamnatin Ingila ba, sai a 1987 hanin ya fara aiki, kuma yaran sun saba ganin tsumagiya. Wannan uzuri zai iya wanke Bowes. Ba zai wanke mutumin da ya shirya fitowar musamman domin ya ce bulala zalunci ce ba.

3.2 Gawar shaho

Dabara ta biyu ba ta taɓa jiki ba. An yi aikin fim ɗin da shaho uku, waɗanda Richard Hines, ƙanen marubucin, ya horar, kuma shi ya koya wa Bradley yadda ake riƙe su da kiransu. Yaron ya shaƙu da tsuntsayen a tsawon makonnin ɗauka. Da aka zo ƙarshen labari sai aka bar shi ya ɗauka cewa ɗaya daga cikinsu za a kashe. Gawar da ya ciro daga shara ya shiga da ita ɗaki yana kai wa Jud duka, a zatonsa ta tsuntsun da ya raina ce. Alhali wani shaho ne daban da ya mutu don kansa, nasa ukun suna nan da rai.

Wannan dabara tsohuwa ce. A 1931, wajen ɗaukar fim ɗin Skippy a Holiwud, darakta Norman Taurog ya kasa sa Jackie Cooper kuka, sai ya sa mai gadi ya ja karen yaron bayan fage a yi kamar an harbe shi. Taurog mijin ƴar'uwar mahaifiyar yaron ne. Ya ci kyautar Oscar ta gwanin darakta da wannan fim, shi kuwa Cooper, da ya rubuta tarihin rayuwarsa a 1981, bayan shekara hamsin, roƙon kada a harbe masa kare ya sa wa littafin a matsayin suna. A Italiya ma akwai labarin da Vittorio De Sica ya riƙa bayarwa game da fim ɗinsa na 1948, Ladri di biciclette, wato ɓarayin keke: cewa an zuba guntayen taba a aljihun yaron fim ɗin, Enzo Staiola, aka kunyata shi a gaban jama'a da sunan mai tsintar guntun taba, har ya fashe da kuka.

4.0 Gaskiyar wa ake gani?

Misalin De Sica ya fi sauran tona raunin hujjar masu wannan hanya. A ƙarshen fim ɗin, mai kallo yana ganin yaro na kuka saboda an kama ubansa da satar keke a gaban idonsa. Idan labarin guntun taba haka yake, to yaron da ke gaban kyamara ba don uba yake kuka ba, don an kunyata shi ne. Hawayen na gaske ne, amma dalilinsu an musanya. Mai tace hoto ne ya ɗora hawayen wani abu a kan wani abu, mai kallo kuma ya haɗa.

Masana silima sun daɗe da sanin haka. Wajen 1920 Lev Kuleshov na Tarayyar Sobiyet ya yi gwajin da ya shahara da sunansa. Kamar yadda ɗalibinsa Pudovkin ya ba da labari, an ɗauki hoto guda na fuskar ɗan wasa Ivan Mozzhukhin, fuskar da ba ta nuna komai, aka jera ta da kwanon miya, da gawar mace, da yarinya mai wasa. Masu kallo suka yaba yadda ya nuna tunani a nan, baƙin ciki a can, farin ciki a gaba, alhali fuskar ɗaya ce. Tun kafin silima ma, Denis Diderot na Faransa, a wata maƙala da aka buga a 1830 bayan rasuwarsa, ya yi jayayya cewa gwanin ɗan wasa ba ya jin abin da yake nunawa, lura yake yi da natsuwa ya sake ginawa, shi ya sa yake iya maimaitawa kowane dare. Ba dole a karɓi ra'ayin Diderot duka ba, amma gwajin Kuleshov ya isa ya nuna cewa kaso mai yawa na abin da mai kallo ke kira gaskiyar fuska daga jerin hotuna yake zuwa da kuma zuciyarsa shi kansa. In haka ne, zancen cewa ba yadda za a yi sai an cutar ya yi rauni.

Kes da kansa ya ba da shaida a kan haka. Ɗaya daga cikin fitowar da masu tarke suka fi ambata ita ce ta ajin Mista Farthing, wanda Colin Welland ya fito a matsayinsa. Darasin ranar, abin mamaki, a kan bambancin labarin gaskiya da ƙagagge ne. Aka tilasta wa Billy ya tashi ya faɗi wani abu na gaskiya. Ya fara da ƙyar, kai a sunkuye, kalma ɗaya-ɗaya. Da zancen ya kai kan shaho sai harshensa ya warware: yadda ake ɗaura igiyar fata a ƙafar tsuntsu, yadda ake auna abincinsa, fargabar ranar da ya fara sakinsa ba igiya. Malamin ya sa shi rubuta kalmomin sana'ar a allo, yaron da ake wa kallon daƙiƙi ya koma mai koyar da malaminsa, aji ya yi tsit. Ba a doki kowa ba a nan, ba a yi wa kowa ƙarya ba. Abin da aka yi shi ne an ba Bradley lokaci da tsuntsaye har ya san abin da yake faɗa, sannan aka ja kyamara baya aka ƙyale shi. Wannan ma dabarar darakta ce, kuma ta fi ta tsumagiya wuya da cin lokaci. Bradley da Welland duka sun sami kyautar hukumar fina-finan Birtaniya ta BAFTA da wannan fim.

5.0 A kan wa dabarar ke faɗawa

Idan aka jera sanannun misalai, za a ga ba kowa ake yi wa haka ba. Alfred Hitchcock ya shaida wa Tippi Hedren, wadda The Birds na 1963 ne babban fim ɗinta na farko, cewa tsuntsayen inji za a yi amfani da su a fitowar ɗakin sama, sai aka kwana biyar ana jefa mata masu rai, har ɗaya ya yanke ta kusa da ido, likita ya ba ta hutun mako. William Friedkin ya mari William O'Malley, limamin coci ne ba ɗan wasa ba, dab da ɗaukar wata fitowa a The Exorcist na 1973, domin hannunsa ya yi rawa. Mafi muni shi ne na Last Tango in Paris na 1972, inda Bernardo Bertolucci da Marlon Brando suka shirya wani ɓangare na fitowar fyaɗe ba tare da sanar da Maria Schneider ba. Tana da shekara 19, Brando na da 48. Ta faɗa a 2007 cewa ta ji an wulaƙanta ta kuma kukanta na gaske ne, Bertolucci kuma ya amsa a 2013 cewa wulaƙancin yarinya yake son gani ba wasan ƴar wasa ba. Schneider ta rasu a 2011, ba ta ji wannan amsa ba.

Yara, da ƴan mata sababbin shiga, da waɗanda wasa ba sana'arsu ba ce. Brando an yi shawara da shi, Schneider an yi shawara a kanta. Wanda zai iya tattara kayansa ya bar wurin ɗauka, fim ya tsaya, ba a cika gwada masa wannan hanyar neman gaskiya ba. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai nazari ya yi shakkar cewa fasaha ce zalla ke jan ragamar al'amarin. Sauyin da aka samu ma ba daga masu tarke ya zo ba. Bayan fallasar cin zarafin mata a Holiwud a 2017 ne kamfanoni irin su HBO, daga 2018, suka fara ɗaukar jami'i na musamman mai tabbatar da cewa duk abin da zai taɓa jikin ɗan wasa a fitowar kusantar juna an tattauna shi an amince kafin a kunna kyamara.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Labarin tsumagiyar Kes ba a ɓoye yake ba, ana ba da shi ne a matsayin abin burgewa, kamar ƙarin shaida cewa fim ɗin na ƙwarai ne. A 1999 Cibiyar Fina-finan Birtaniya ta sa Kes a matsayi na 7 cikin fina-finan ƙasar 100 mafiya daraja na ƙarni na 20, kuma ya cancanta. Sai dai wanda ya riga ya san abin da ya faru a ofishin Gryce ba zai ƙara kallon fitowar a matsayin wasan kwaikwayo ba. Daga lokacin da tsumagiya ta sauka, labarin Billy Casper yakan tsaya na ɗan lokaci, abin da ya rage a allo shi ne hoton wani yaro na yankin Barnsley a 1968, wanda aka ce masa ba za a doke shi ba, yana duban manyan da ke bayan kyamara ko akwai wanda zai ce a tsaya.